Gwiwoyin Kawu

Al'amarin ya fara ne a safiyar wata Laraba, ana gab da jarrabawar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, lokacin da hannun Kawu ya faɗi ƙasa.

Kawu shi ne sunan da ɗalibai suka raɗa wa ƙwarangwal ɗin da ke rataye a kusurwar ɗakin nazarin jiki. Ƙashin mutum ne na gaske, wanda marigayin da ya kafa makarantar ya kawo bisa izini tun yawancin malaman yanzu suna goye. A jikinsa kowane ɗalibi ya koyi bin haƙarƙari da yatsa, ya ga yadda kan ƙashin cinya ke zama cikin gurbinsa a ƙugu, ya gane abin da ya sa gwiwa ke lanƙwasawa ta fuska ɗaya alhali kafaɗa tana juyawa ko'ina. 'Yan mata kan ce a duk mazan makarantar shi kaɗai ne ba ya katse wa mace magana.

A wannan safiya igiyar jakar wata ɗaliba ta sarƙe a yatsunsa, ta fizga ba da saninta ba, hannun ya ɓalle daga kafaɗa ya daki siminti, ƙashin damtsen ya rabe biyu. Aka taru ana salati. Sai dai a cikin karayar babu ramin ɓargo, babu 'yan ƙofofin nan da ke cikin ƙashi. Roba ce fara tas, an shafe bayanta da wani abu don ta yi kalar tsufa. Wani ya ɗauke Kawu ya rataye kwaikwayonsa.

Kafin azahar maganar ta fita ƙofar makaranta ta shiga unguwa, kuma a hanya ta sami ƙari: an sayar wa matsafa da ƙashin. Ido ya koma kan mutum ɗaya, dattijon da ke share ɗakin yana riƙe da makullinsa, wanda kowa ke kira Baba Mai Makulli.

*

Shugabar masu tsaron makarantar mace ce da ta yi shekaru a aikin ɗan sanda tana bin sawun ɓarayi. Ta yi ritaya, amma sunan Sufeto bai rabu da ita ba. Yayanta ne ya samo mata wannan aiki, kuma shi ne malamin da ke koyar da ƙashi da gaɓoɓi a makarantar. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, har yau kuma Auta yake kiranta. A wuyan hannunta ya yi bitar karatunsa tana ƙarama, yana taɓa ƙananan ƙasusuwan yana kiran sunayensu, ita kuwa tana dariya saboda cakulkuli.

A ofishin Shugabar makaranta, Yaya ne ya yi magana.

"Hajiya, kafin a kira hukuma sunan makaranta ya shiga bakin duniya, a bar wa Auta. Aikinta ne. Abin da ta gano, shi ke nan."

Shugaba tsohuwa ce mai sanyin magana, ciwon gaɓoɓi ya tanƙware mata yatsu har sai ta haɗa hannu biyu take ɗaga kofi. Ta ce masu makarantar sun riga sun yanke cewa ranar Litinin za a miƙa Baba ga 'yan sanda.

"Kina da tsakanin yau da ranar," in ji ta. "Allah Ya nuna miki gaskiya."

Sufeto ta shiga ɗakin ita kaɗai. Ba a taɓa kwaɗon ƙofa da ƙarfi ba, tagogi kuma suna da ƙarafuna. Ta durƙusa ta bi gunkin daga idon sawu zuwa muƙamuƙi. Kowace gaɓa an ɗaure ta da ƙusa mai sheƙi irin ta masana'anta, iri ɗaya daga sama har ƙasa. Wuri biyu ne kawai suka bambanta. Ƙoƙon gwiwar dama da na hagu an ɗaure su da waya, an murɗe ta da filaya, murɗi mai tsabta na hannun da ya saba. Ta daɗe tana duban wurin, ba ta gane dalili ba.

*

Washegari da hantsi ta sami Baba a ƙarƙashin matakala, inda yake ajiye tsintsiya da bokiti. Ya yi yunƙurin miƙewa, ta hana shi.

"Baba, mai gadi ya ce ya gan ka lokacin hutu da dogon kwali ka fita."

"Ya gan ni, ranki ya daɗe. Matattun ƙwayayen fitila ne, dogayen nan. Suna bayan ɗakin janareta in ba a kwashe ba."

"Wa kake bai wa makulli?"

"Duk malamin da ya tambaya. Ni wane ne da zan ce wa malami me za ka yi da shi?"

"An ce wani maɗori yana yawan zuwa wurinka."

"Yana zuwa." Ya dubi tafin hannunsa. "'Yata, ni kullum na buɗe ɗakin nan sai na yi wa bawan Allahn nan sallama, in roƙa masa gafara, don ban san ko yana da mai yi masa ba. Da ni ake shawara, da tuni an suturta shi. Yau ni ne zan sayar da shi?"

Ta tambaye shi lafiyar gida. A nan muryarsa ta canza. Ya ce tun yana da ƙarfinsa shi ake kira wankan gawa a layinsu. Daren jiya wani tsoho ya rasu, gida uku tsakaninsu, bai ji ba sai da ya ga an fito da makara.

"Ba su kira ni ba. Da na bi sahu, wanda ke kusa da ni ya matsa."

Ta je bayan ɗakin janareta. Kwalin yana nan, da ƙwayayen a ciki.

*

Ranar Alhamis ta ci abincin rana a gidan Yaya kamar yadda ta saba. Matarsa tana zuba ruwa tana mita.

"Ki yi wa yayanki faɗa, Auta. Kullum takalminsa da farin fenti. Tunda aka fara ginin nan na bayan tasha ba ya zama a gida."

"Ginin wani abokina ne nake duba masa," in ji Yaya, ya tura wa Sufeto kwano. "Ci, ke da kike bin sawu da yunwa. Ina aka kwana?"

"Kwalin da aka gani fitilu ne."

"Kwali ɗaya aka gani. Wanda ba a gani ba fa?" Ya girgiza kai cikin tausayi. "Ni ma ina jin nauyin tsohon nan, wallahi. Amma rai da buƙata. Ki bi ta kan maɗorin. Masu irin wannan sana'a ba a rasa su da surkulle."

"Yaya, me zai sa ɓarawo ya kwance gwiwoyi ya sake ɗaurewa?"

Ya tauna abin da ke bakinsa a hankali.

"Roba ce mai araha. Wataƙila sun ɓalle a hanya. Kada ki ɓata lokacinki a ƙasa, Auta, ɗaga kanki ki dubi mai makulli."

Ta ji daɗin shawarar. Tun tana yarinya, in ya faɗi abu takan ɗauka an gama.

*

Maɗorin yana zaune a rumfarsa yana naɗe ƙafar wani magini. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya yi dariya har majinyacin ya yi ƙara.

"Hajiya, ni ƙashin mai rai nake ɗorawa. Na matacce ko na shekara ina lallashinsa ba zai kama ba. In kai shi gida in yi me da shi, ya taya ni hira?"

"To me ke kai ka wurin Baba?"

"Hannunsa. Farkon hutu ya zame a banɗaki ya karya wuyan hannun dama. Ya ɓoye wa makaranta don kada a ce ya tsufa a sallame shi. Ni na ɗaure shi da kara, kuma sai ana gobe za a koma makaranta na kwance. Har yau ki ba shi kwalba ki ce ya murɗe marfin, ki ga ikon Allah."

Ta fito tana tunanin wayar nan da aka murɗe da kyau.

Saura mutum ɗaya da ake zargi, wani ɗalibi da ake kira Dogo, wanda ya faɗi jarrabawar ƙashi bara, aka ji shi yana rantsuwar sai ya ga bayan Kawu. Ta same shi a ɗakin karatu da ƙashin baya na roba a gabansa. Ya ce duk hutun a gadon asibiti ya yi shi, an cire masa tsakuwa a ƙoda, ya ɗaga riga zai nuna mata ɗinkin ta ce ya bari.

"Anti Sufeto, ba da Kawu nake ba, da tambayarsa nake."

"Wace tambaya?"

"Aibin Kawu mana. A ƙarshen jarrabawar baka sai a ce maka, akwai kuskure ɗaya a jikin bawan Allahn nan, nuna shi. Tunda aka kafa makarantar nan ba a taɓa samun wanda ya gano ba. Ni na ce haƙori, wata ta ce yatsan ƙafa. Wani da ya rasa abin faɗa ya ce aibinsa rashin aure."

*

Ranar Juma'a, da ta maimaita wa Shugaba maganar Dogo, tsohuwar ta yi murmushi. Sufeto ta kwance 'yar jakarta ta fito da ƙoƙon gwiwa biyu da ta cire daga gunkin, ta sa wa kowanne alamar ƙafar da ta same shi. Murmushin ya gushe.

"Rufe ƙofa," in ji Shugaba.

Ta sa Sufeto ta ɗora wanda ta ciro daga ƙafar dama a kan tebur, cikinsa a ƙasa, tsininsa yana kallon gaba. Ƙashin ya ɗan yi rawa ya kwanta ta hagu.

"Cikin ƙoƙon gwiwa fuska biyu gare shi, ta waje ta fi faɗi da nauyi. In kin aje shi haka, ɓangaren da ya fito nan yake karkata. Wannan na hagu ne. Marigayi malaminmu da gangan ya musanya wa Kawu su, na dama a hagu, na hagu a dama, don ya ga ko za a sami ɗalibi mai ido. Aibin ke nan. Duk sanda na shiga ɗakin nan gwiwoyin nake fara duba, in tuna shi in yi masa addu'a. Bayan hutu na duba, na gan su yadda na san su, shi ya sa ban ɗaga kai na lura da sauran ba."

"Na roba daga masana'anta a musanye yake zuwa?"

"Daidai yake zuwa."

"Su wa suka san sirrin, Hajiya?"

"Mutum biyu marigayi ya gaya wa, ya kuma sa muka yi masa alkawari. Ni ɗaya." Ta dubi yatsunta da suka tanƙware, ba ta ƙarasa ba.

Sufeto ta mayar da ƙasusuwan cikin jaka. Ta yi alwala ta yi sallar la'asar a ɗan ɗakinta na bakin ƙofa, ta daɗe a zaune bayan sallama tana roƙon Allah Ya sa ta yi kuskure. Daga nan ta hau mota zuwa bayan tasha.

Ginin sabo ne, fari, ana goge fenti a dandamalinsa. Wani kafinta ya gaya mata cewa makarantar jinya ce mai zaman kanta za a buɗe, masu duba cancanta suna tafe, kuma Malam ya ce kada a bar kowa ya shiga ɗakin ƙarshe. Ba ta shiga ba. Ta zagaya ta leƙa ta taga. A kusurwa wani abu dogo yana tsaye an lulluɓe shi da farin zane, zanen bai kai ƙasa ba. Ta ga yatsun ƙafa masu kalar tsohon haure, da ɗan tsagin da ke ƙashin dugadugin hagu, wanda duk mai shiga ɗakin nazarin jiki ya sani.

*

Ranar Asabar da hantsi ta tara su a ofishin Shugaba: Baba Mai Makulli a bakin ƙofa ya ƙi zama, maɗori da hularsa a gwiwa, Dogo, da Yaya a kujerar kusa da taga yana kaɗa makullin motarsa.

Ta fara da Dogo ta sallame shi da magana biyu. Ta miƙa wa Baba filaya da guntun waya ta ce ya murɗa. Ya gwada, gumi ya keto masa, filayar ta suɓuce ta faɗi.

"Ba dole da hannunsa ba," in ji Yaya. "Ana sa wani."

"Haka ne, Yaya. Ana sa wani ya ɗauka, ana sa wani ya shafa kala. Abu ɗaya ne ba a iya sa wani."

Ta ɗora ƙasusuwan biyu a tebur, kowanne da alamarsa. Mai alamar dama ya kwanta hagu, mai alamar hagu ya kwanta dama. Maɗori ya matso da kujerarsa yana kallo.

"Wanda ya kawo gunkin nan ya same shi daidai, ya zauna ya ɓata shi da hannunsa, don ya san akwai mai duba gwiwoyin nan. Baba bai san akwai kuskure ba. Ɗalibai sun san akwai, ba su san inda yake ba. Da ɓarawon jahili ne, da ya rataye shi yadda ya zo, Hajiya ta gane tun ranar farko. Mutum biyu ne a duniya za su yi wannan aiki, ɗaya kuma ba ta iya riƙe filaya."

Makullin motar ya daina kaɗawa.

"Jiya na je bayan tasha," in ji ta. Ba ta dube shi ba. "Zanen ya yi gajere."

Da Yaya ya buɗe baki, da muryar aji ya yi magana, a natse, kamar yana bayanin gaɓa.

"Aro na yi, Hajiya. Masu dubawa ba sa ba da izini sai sun ga ƙashi na gaske, kuma yanzu ba a samunsa. Da sun zo sun tafi zan mayar da shi, ba wanda zai sani. Tsautsayi ne ya sa yarinyar nan ta fizge hannun."

"Makaranta kake buɗewa," in ji Shugaba, "muna haɗuwa kullum ba ka faɗa mini ba."

"Da lokaci ya yi zan faɗa."

Baba ne ya yi magana daga bakin ƙofa, a hankali.

"Malam, ranar da ka karɓi makullin ka ce littafi ka manta. Ko da aka tambaye ni ban kawo ka a raina ba. Da na kawo ma, da na ji kunyar faɗa."

Shugaba ta ce kowa ya tafi, za ta yi tunani.

*

A baranda ya tare ta. Ya rage murya.

"Auta, kin yi aikinki, na yarda. Yanzu saura gyara. Hajiya ba ta son abin kunya, zan shawo kanta. Gobe Kawu zai koma wurinsa, a ce an tsince shi a ɗakin ajiya, kuskuren ma'aikata ne. Ba wanda za a kai wa hukuma. Tsohon nan ya ci gaba da aikinsa."

"Mutanen layinsu fa?"

"Za su manta."

"Za su ce ya ji tsoro ne ya dawo da shi. Har ya mutu ba za su bar shi ya taɓa gawarsu ba."

"To sai ki tona ni saboda mai shara? Ni?"

Ta dube shi a karon farko tun safe. Fuskar nan ce da ta sani, wadda ta tsaya a bakin makarantarsu da lema ranar da aka yi ruwa, wadda ta yi kuka ranar da aka ɗaura mata igiyar sufeto.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Yaya. Me ya sa ka ce a bar mini binciken?"

Ya kau da kai.

"Don na fi kowa iyawa, ko don ka san ko sawunka na gani a fili zan tsallake?"

"Ke jinina ce," in ji shi. "Wa zan amince wa in ba ke ba?"

"Ka zaunar da ni a gidanka, ka zuba mini abinci, ka nuna mini tsohon da kai ka san bai yi komai ba. Da na bi maganarka, da ni ce zan riƙe hannunsa in miƙa shi ranar Litinin. Da hannuna ka so ka yi, don naka ya fita da tsabta."

"Ba zan bari ta kai ga haka ba."

"Ta kai, Yaya. An fita da makara a layinsu yana tsaye."

Ya kama gefen mayafinta kamar yadda yake yi tana ƙarama in za su tsallaka titi. Ya ce ta tuna wanda ya riƙe ta, ta tuna 'ya'yansa da ke kiranta Goggo, ta tuna cewa in sunansa ya ɓaci nata ma ya ɓaci. Duk ta tuna. Ta zare mayafin a hankali.

A ƙasan matakala ta hango Baba ya ɗauki tsintsiyarsa da hannun hagu, yana share barandar da ba ranar shararta ba.

Ta koma ofishin Shugaba ta tsaya a gaban tebur.

"Hajiya, abin da makaranta za ta yi da shi, ke da masu ita kuka sani. Ni dai ranar Litinin zan faɗi sunansa a gaban taron ɗalibai da malamai. Daga nan zan raka Baba layinsu, in tsaya a ƙofar masallacinsu in sake faɗa."